Wai me ya sa ƙasashen bakin Tekun Indiya ke ta yin gaba, mu da namu tekun fa?

Ɗan_Dilimi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi, Jos dai ta fara halin nata, yau da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana cina a rai, jiya kuma ta ƙara tasowa. Ni sana'ata sayar da kayan gyaran keke da babur a Dilimi, shekara goma sha ɗaya kenan. Jiya muna sauke kaya daga mota ni da yarana sai kawai na tsaya ina karanta jikin kwalayen, fistin Indiya, ringi Indiya, kulochi Indiya, tayoyi wasu Tailan wasu Indunusiya, su kansu kekunan da suka cika Bauchi Road da Terminus ai Bajaj ne da TVS, duk Indiya. Na koma gida uwargida ta dafa wa yara Indomie, babban ɗana yace ai ita ma asalinta daga Indunusiya ne. Maganin hawan jinin Hajiyarmu na duba kwalin, Indiya. Abayar da ƙanwata ke sarowa, Dubai. Ga ƙanina yana karatu a Maleshiya, in ya turo hoton tashar jirgin ƙasarsu sai kayi zaton a fim ne.

Sai na ɗauko waya na buɗe taswira, ashe duk waɗannan ƙasashen bakin ruwa ɗaya suke zagaye, wai Tekun Indiya. To shine nake tambaya, tekun nasu ne yafi albarka ko yaya? Mu ma ai muna da Atlantika, ga Legas ga Fatakwal ga Kalaba ga Warri, amma mu kullum saye muke su suna sayarwa.

Tambaya ta biyu kuma, ogan da nake sarin kaya a wajensa tun bara yake ce min kaya sun tashi ne saboda 'yan tawayen Houthi na Yaman sun tare Bahar Maliya. Da gaske ne ko dai ya samu abin fakewa ne kawai? Masu ilimi a taimaka.

Malam_Labarin_Ƙasa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni malamin makaranta ne, wannan darasin nake koyarwa, don haka kayi haƙuri in na ja zancen.

Ruwa dai duk ruwa ne, gishirin ma iri ɗaya. Abin da Tekun Indiya yake da shi shine yana tsakiyar hanya. Ka ɗauke shi kamar Mararrabar Jama'a, duk wanda zai shiga Jos daga kudu ko ya fita sai ya bi ta nan, shi yasa mai shayi da mai faci a wurin ba sa rasa ciniki. Man fetur ɗin ƙasashen Larabawa yana fitowa ne ta mashigin Hormuz, tsakanin Iran da Oman, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta wannan 'yar ƙofar yake wucewa. Masu sayen man kuma, Sin da Japan da Koriya ta Kudu, suna can gabas, jirgi sai ya ratsa tekun nan gaba ɗaya ya shiga mashigin Malaka, tsakanin Maleshiya da tsibirin Sumatra na Indunusiya, akwai inda faɗinsa bai kai kilomita 3 ba kusa da Singafo. Kayan da Sin ta ƙera za a kai Turai su kuma su biyo ta nan ɗin, su shiga Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti, su hau Bahar Maliya su fita ta Suez wadda aka buɗe tun 1869. Kaga ƙofa uku kenan, duk wanda Allah ya ajiye a bakin ɗaya daga cikinsu ya samu rumfa a bakin kasuwa. Singafo ɗin nan ko girman wasu ƙananan hukumominmu bata kai ba, ba mai ba ma'adini, ruwan sha ma wani daga Maleshiya take saye, a 1965 ta zama ƙasa, amma jirage a nan suke shan mai, a nan ake sauke kwantena daga wannan jirgi a loda wa wancan.

Kuma abin ba yau ya fara ba. Iskar tekun nan tana juyawa ne da lokaci, rabin shekara ta kaɗa ta wannan ɓangaren rabin shekara ta koma, don haka tun kafin a san inji fataken Oman da Gujarat suna ɗaura tanti a jirgin katako iska ta kawo su Mombasa da Zanzibar da Kilwa, su jira ta juya ta mayar da su gida. Ibn Battuta ya je Mombasa da Kilwa wajen 1331 ya tarar da su birane ne na Musulmi masu ciniki. Mu kuma a wancan zamanin tekunmu Sahara ce, raƙumi ne jirginmu, Kano da Katsina da Agadas su ne tashoshi, fuskarmu tana kallon arewa. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka juya mana fuska zuwa Legas.

Maganar oganka kuwa, rabi gaskiya ce rabi kuma ya ƙara gishiri. Tun Nuwamban 2023 'yan Houthi suka fara kai wa jirage hari, manyan kamfanoni da yawa suka daina bin Suez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara musu kwana goma ko fiye zuwa Turai. Amma duba taswirar taka da kyau, jirgin da ya taso daga Mumbai kai tsaye zuwa Legas dama can ta ƙasan Afirka ta Kudu hanyarsa take, ba dole ya bi Suez ba. Abin da ya taɓa ka shine jirage da kwantenoni sun yi ƙaranci tunda kowanne yana daɗewa a ruwa, sai kuɗin dako ya tashi wa kowa. Babban abin da ya kassara ka dai inaga canji ne, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Ka tambaye shi nawa yake sayen dala lokacin da yanzu, nan zaka ji ya fara kame-kame.

Baba_Mai_Kuza ya rubuta:

Jikana ne yake buga min wannan a wayarsa, ni idona ya yi rauni, yace akwai maganar Maleshiya shine nace bari in sa baki.

Yaro, kai da kake Jos ai bai kamata ka je nesa neman amsa ba. Jos da babban birnin Maleshiya, Kwala Lamfur, uwarsu ɗaya, kuza ce ta haife su. Can ma sansanin masu haƙar kuza ne ya zama gari, nan ma haka. Mahaifina daga ƙasar Katsina aka kawo shi lokacin yaƙin Hitila, a ɗiban gwamna, saboda Japan ta ƙwace Malaya, wato Maleshiya ta yanzu, a 1942 Bature ya rasa kuzar can sai ya juyo kanmu, aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka ana kawo su Filato aikin dole, babu bargo babu isasshen abinci, sanyin nan da kake kuka da shi yau kana cikin rigar sanyi shi ya kashe mutane da yawa a lokacin. Kaga tun a nan abin da ya faru a bakin wancan tekun ya shigo har ɗakin uwata. Shi baba da yaƙi ya ƙare bai koma gida ba, ya zauna Bukuru, a nan aka haife ni, ni ma na shiga aikin ina saurayi.

Na ga kuza da idona lokacin tana kuza. Mata da kwano a ka suna jere suna hawowa daga rami, mu muna bakin lambatu muna wanke ƙasa da shebur, ruwa ya tafi da yashi ya bar baƙar kuza a ƙasa, ka damƙi hannu ɗaya kaji nauyi kamar ka ɗauki dutse. A zuba a ƙananan buhuna a ɗinke, buhu ɗan ƙarami amma ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. Kafin zamaninmu a ka ake ɗaukarta har bakin Binuwai, sannan aka yi ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, daga baya a 1927 babban layi ya zo ta Kafanchan, kuza ta riƙa gangarawa Fatakwal kai tsaye, gawayin Inugu yana hawowa. Wato Jos da take kan dutse, nisan duniya da teku, amma a lokacin tana haɗe da teku fiye da yau. Jirgi na da ranar zuwa da ranar tafiya, matan unguwarmu da kukansa suke sanin lokacin ɗora tukunya. Yau jeka tashar ka gani, awaki ne ke kiwo a kan layin.

A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, ya faɗo mana ya faɗo wa Maleshiya rana ɗaya. Bambancin shine su kafin ranar ta zo sun riga sun shuka wani abin, ga roba ga manja, kuma tun 1972 suka ware fili a Penang kusa da filin jirgi da tashar ruwa suka ce kamfanonin ƙera kayan lantarki su zo, Intel mai yin kayan cikin kwamfuta ma a shekarar ta shiga. Da kuza ta mutu 'ya'yan masu haƙa suka shiga masana'anta. Mu da ta mutu sai aka bar mana kududdufai, ga su nan daga Rayfield har Barikin Ladi, wasu ana noman rani da ruwansu, wasu kuma duk shekara sai sun ci yaro. Ɗan maƙwabcina a ɗaya daga ciki ya tafi, yana aji biyar. Na gaji, jikan ma yace hannunsa ya gaji.

Ɗan_Dilimi ya rubuta:

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba, Allah ya jiƙan magabata. Wallahi a Jos aka haife ni amma ban taɓa sanin akwai alaƙa tsakanin ɗiban gwamna da Maleshiya ba sai yau.

Maman_Ilham ta rubuta:

Sannu Baba, Allah ya saka da alheri. Ni dai ɗan uwa bari in faɗa maka abin da na gani a matsayina na mai zuwa saro kaya, ba karatu nayi a kai ba. Dubai ba wani mai ne da su mai yawa ba, man yana Abu Dhabi, su tashar Jabal Ali ce ta ɗaga su, wadda aka buɗe a 1979 lokacin Sheikh Rashid, suka kewaye ta da fili inda ɗan kasuwa zai ajiye kaya ya sake fitar da su ba tare da an tatse shi ba. Yawancin abin da muke sarowa a Deira, unguwar kasuwannin Dubai, ba a can ake yinsa ba fa, yadi daga Indiya da Sin da Koriya, turare ana haɗawa da itacen da aka kawo daga wasu ƙasashen, su dai sun zama dillalai ne kawai, kuma dillalin da baya ɓata maka lokaci.

Akwai shekarar da muka haɗa kuɗi mu huɗu muka yi kwantena ɗaya, ranar da na biya kuɗin kago a can washegari aka turo min hoto an rufe an sa hatimi. Tafiyar ruwa wajen wata guda da 'yan kwanaki. Amma daga isowarta ƙasar nan zuwa ranar da na ga kayana a Jos sai da aka fi wata biyu, ejan yau yace takarda, gobe yace ba a duba ba, jibi yace babu motar da zata shiga, kuɗin ajiya yana ta hawa kullum kamar mitar tasi, da ta fito kuma direba ya kwana huɗu a hanya, shinge bayan shinge kowa da hannunsa a miƙe. Kayan sallah ne fa, suka iso bayan sallah da sati biyu, haka na zauna da lesuka ina kallonsu suna kallona. Tun daga nan na koma kago ta jirgin sama duk da tsadarsa. Shi yasa ban ga laifin waɗanda suke sauke kayansu a Kwatano ko Lome ba.

Kuma abin haushi ai ance manjan da Maleshiya ke taƙama da shi daga wajenmu suka zo suka ɗauki irin.

Malam_Labarin_Ƙasa ya rubuta:

Hajiya wannan zancen ana yawan faɗinsa amma a gyara shi kaɗan. Bishiyar kwakwar manja asalinta ta Afirka ta Yamma ce wannan haka yake, sai dai Turawan Holan ne suka kai ta lambun Bogor a Indunusiya tun 1848, kuma an fara gonarta ta kasuwanci a Malaya a 1917, kinga tun kafin a haifi iyayenmu. Abin da yake gaskiya mai ciwo shine farkon shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen manja, yau Indunusiya da Maleshiya su biyu ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100, mu har shigo da shi muke.

Gaskiya_Ɗaci ya rubuta:

Ni fa ban yarda da yadda ake ta wasa tekun nan ba. Ɗan Dilimi ka zaɓi waɗanda suka yi kyau ne ka lissafa. Sake buɗe taswirar. Somaliya ba a bakin Tekun Indiya take ba? Duk faɗin Afirka in ka cire tsibirai babu ƙasar da ta kai ta tsawon gaɓar teku, me ya tsinana mata banda 'yan fashin ruwa da jiragen waje masu kwashe mata kifi? Yaman fa, ita ce ma zaune a bakin ƙofar da Malam ya ambata. Mozambik an gano iskar gas mai yawa a Kabo Delgado, a 2021 'yan bindiga suka afka garin Palma kamfanin Total ya tattara ya dakatar da aiki. Madagaska tana tsakiyar ruwan tsundum, talauci kamar me. Sirilanka ta ci bashi ta gina tashar Hambantota, jirage basu zo yadda aka yi zato ba, a 2017 ta miƙa ta ga kamfanin Sin haya na shekara 99, a 2022 ƙasar ta kasa biyan bashi har mutane suka shiga fadar shugaban ƙasa suna wanka a kwamin ninƙayarsa, shi kuma ya tsere. Botswana ko kwalbatin teku bata da shi amma ta fi duk waɗannan zaman lafiya da rufin asiri.

Ita Indiyar ma, eh ta wuce Ingila ta zama ta biyar a girman tattalin arziki a 2022, amma mutum sama da biliyan 1.4 ne ke raba wannan arzikin, wanda ya kai mara lafiya can zai gaya maka irin masu kwana a titi da ya gani a hanyar asibiti. Ba ina cewa basu yi ƙoƙari ba, sun yi, keken da ke ciyar da kai shaida ne. Amma kar a mayar da abin kamar duk wanda ya taɓa ruwan nan ya warke.

Direban_Tirela_Jos ya rubuta:

Oga Gaskiya ka faɗi taka, amma ka tsallake Jibuti, ita ce ta fi kama da abin da ya kamata muyi. Ƙasa ce 'yar mitsitsiya, mutanenta wajen miliyan ɗaya, duwatsu da zafi, amma Habasha mai mutum sama da miliyan 120 bata da teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993, fiye da kashi 90 na kayanta ta Jibuti suke bi, har layin dogo na lantarki aka ja daga Addis Ababa zuwa can. Ga Amurka da Faransa da Japan da Sin duk suna da sansanin soja a ciki suna biyan haya. Haka Mombasa ke ci da Uganda da Ruwanda da Sudan ta Kudu, Darussalam ke ci da Zambiya da Burundi da gabashin Kwango.

To mu waye Habashar tamu? Nijar ce da Chadi. Maraɗi ta fi kusa da Kano a kan Jos da Kano, amma shekara da shekaru yawancin kayan Nijar ta Kwatano suke shigowa, bututun mansu ma daga Agadem kusan kilomita 2000 aka ja shi zuwa gaɓar Benin. Da aka yi juyin mulki a 2023 iyakarsu da Benin ta rufe sai suka koma Lome ta cikin Burkina da rakiyar soja, duk haɗarin hanyar nan. Ni na taɓa ɗaukar kaya Legas zuwa Jibiya, na san dalilin da yasa ɗan kasuwar Maraɗi zai gwammace ya zagaya, in na fara lissafa shingayen da ke tsakani sai wayata ta mutu.

Ba wai ba a yin komai ba. Tashar Lekki ta fara aiki a 2023, tana da zurfin da manyan jirage ke iya shiga, kuma ku ji abin mamaki, cikin masu ita akwai Tolaram, kamfanin Singafo, su ne dai masu yin Indomie ɗin da yaranka suka ci jiya Alhaji. Olam ma da kuke ganin buhunansu a nan Najeriya aka kafa shi a 1989 yana fitar da kashu, yau hedikwatarsa tana Singafo. Akwai tashar tsandauri, wato inda ake sauke kwantena a duba ta nesa da teku, a Kaduna da ta Dala a Kano da ta Funtuwa, ana kuma aikin layin dogo Kano zuwa Maraɗi. Tamu ta Heipang kusa da Jos dai tun ina yaron mota nake jin za a yi za a yi. Ranar da kwantena zata hau jirgin ƙasa daga bakin ruwa a buɗe ta a Heipang, kwastan su duba ta a nan, ranar Hajiya zata sayar da lesunanta kafin sallah, dankalin Bokkos da cittar Kafanchan su ma su samu hanyar fita. Ni kuwa a ranar sai in nemi wata sana'ar, amma na yafe.

Ɗan_Dilimi ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam na kira ogan nawa ɗazu bayan la'asar na tambaye shi maganar dala kamar yadda kace, sai yayi dariya yace wa ya gaya min, a ƙarshe dai ya rage min wani abu a kan katan ɗin ringi, fistin kuma yace ba zai taɓu ba. Direba kar ka damu in jirgin ya zo akwai keke ɗaya a shagona da mai shi ya kasa biyan kuɗin gyara, sai mu yi magana. Baba in jikanka ya huta don Allah a tambaye min kai, kuzar da yara ke haƙowa yanzu a wajen Barikin Ladi suna sayar wa masu sikeli, ita kuma ta wace hanya take fita, wa ke saye?